Kasko Mai Jan Zare

A ƙauyenmu, gabas da Sokółka,
Disamba ba ya sallama.
Da asuba za ka tarar da shi zaune cikin bokiti,
ya mai da ruwa dutse.

Kakata Bronisława ba ta cacar baki da shi.
Wuƙa take wasawa.
Ta ɗauko farin kitsen alade mai kaurin tafin hannu,
ta yayyanka ƙanana,
ta zuba a baƙar tukunya, wuta kaɗan-kaɗan.
Kitse, in ji ta, halin tsofaffi gare shi:
ka gaggauta shi, ya ƙone maka don haushi.

Sai ya yi gumi, sai ya narke,
sai ɗaki ya cika da ƙarar ruwan sama
alhali a waje ba abin da ke zuba sai farin shiru.
Albasa biyu. Tuffa ɗaya mai tsami.
Gishiri da yatsu uku.
Soyayyun gutsattsarin da suka taso sama
ni da ƙanena Zdzisław muke wa dambe.

Kafin gari ya waye ya daskare a tulun ƙasa,
smalec, fari fat.
A shafa a baƙin burodi, a ɗora kokwamba mai tsami,
kakana ya ci biyu a tsaye,
ya saɓa gatari, ya shiga daji,
sanyi na cizonsa, haƙoransa na zamewa.

Amma akwai wani kasko
da ke rataye shi kaɗai bayan murhu,
an ɗaura masa jan zare a mariƙi.
Alade bai taɓa ganin cikinsa ba.
Da cokalinsa, da wuƙarsa, da tsummansa.
Ranar da na kai hannu zan soya ƙwai,
na sha ludayi a bayan hannu.

Na Dżenneta ne, ta tsallaken shinge,
'yar Tatar, mai salla biyar da tari ɗaya.
Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya kwana goma sha tara,
mijinta na kwance, tulunta ya ga ƙasa,
kakata ta kora dinyoyinta uku cikin dusar ƙanƙara
har ƙofar gidansu, ta ce,
ku yanka da hannunku, da kalmominku,
ni nawa narkarwa ne.
Ta sayi kaskon a wurin maƙeri da kuɗin takalminta.

Tun daga nan, kowane hunturu, tulu biyu a taga:
ɗaya fari, ɗaya ruwan zuma.
Su zauna, kowa da burodinta,
suna zagin gwamnati da ciwon gwiwa,
leɓɓansu na ƙyalli.
Ban taɓa jin sun yi gardama kan Allah ba.
Kan albasa dai sun yi gaba ta mako guda.

Yanzu ina aikin jinya a Białystok.
Na san sunan abin da ke toshe jijiya,
na san lambarsa a takarda.
Na kai mata man zaitun a koriyar kwalba.
Ta ɗaga shi a hasken taga, ta girgiza,
ta ce, wannan ai bai taɓa ganin sanyi ba,
me zai gaya wa ƙashina?
Ta shafa wa ƙyauren da ke kuka.

Dżenneta ta rasu bara, lokacin tonon dankali.
Na ɗauka kaskon zai sauko cikin 'yan'uwansa.

Jiya na iso da jirgin yamma,
na shiga ina karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa.
Ƙamshin dinya ne ya fara tarbata.
Tana tsaye, shekara tamanin da shida,
tana juyawa da cokalin da ba na kowa ba.
Na ce, Kaka, wa zai ci?
Ba ta juyo ba.
Ta ce, miƙo min gishiri,
kuma ki wanke hannunki tukuna.